Dutsen da Na Zare daga Katangar Kaka

Volastra, Laraba, 31 ga Agusta

Zuwa ga Ettore,

Ya sanyin inuwar zaitun a tsakar rana! Ya iskar teku mai hawowa da la'asar ta ɗaga labulen ɗakina! Ya ƙamshin ɓawon lemo da ke maƙale a yatsu har bayan an wanke hannu, ya wanda ya zo da ƙafa ya tafi da ƙafa, ya bar ni ina tuntuɓe a hanyar da na sani tun ina rarrafe! Gaisuwa gare ka, adadin matakalan da ke tsakanin ƙauyenmu da bakin ruwa, in ma sun yi kaɗan a ƙara da 'ya'yan inabin da ke rataye a dukan tsaunin nan.

Ni ce Ombretta. Na sa sunana tun daga sama ne don kada ka yi ta juya takarda kana tambayar kanka wace ce wannan. Wallahi da zan ji labarin ka yi haka, da ban ƙara fita daga ɗaki ba. Wannan ce takarda ta huɗu. Ta farko ta yi kama da littattafan da nake karantawa, har ni kaina na ji kunya. Ta biyu duk goge-goge ne, ba ta karantuwa. Ta uku kuwa Gwaggo Tilde ce ta faɗo ɗakin ba ko ƙwanƙwasawa, na cusa ta cikin kwandon wanki, yanzu haka rabin kalmomin suna jikin farar rigar Kaka. Wannan ko ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai ta tafi, domin akwai maganar da nake ɓoyewa yau kwana goma sha ɗaya.

Ka tuna ranar? Ni dai ba ta taɓa barina ba. Ƙarshen Yuli ne, kai da babanka da yayarka Nives kun taso daga Levanto da jakunkuna a baya, da niyyar taka gaɓar nan kaf har Portovenere cikin kwana shida. Rana ta uku kuka shigo ta 'yar ƙofar katakon gonar kakana, inda kowane matafiyi ke ratsawa ya sha ruwan famfo ya yanke hanya zuwa ƙauye. Nives ta yi targaɗe, kana riƙe da ita, kana goye da jaka biyu, hancinka ya ƙone da rana ya yi ja kamar tumatir. Ina zaune kan dakali da littafina. Na ɗaga ido sau ɗaya, na mayar, daga nan har yamma layi ɗaya nake ta maimaitawa ban san abin da yake cewa ba.

Allah Ya saka wa ƙafar Nives da alheri, Ya kuma yafe min wannan addu'a! Saboda ita kuka kwana biyu a ɗakunan baƙin Gwaggo. Saboda ita Gwaggo ta fizge littafin daga hannuna washegari ta ce, "Ke sarauniyar mafarki, ajiye wannan shirmen ki raka yaron nan kemis a Manarola, kada ya ɓace mana a dawa." Muka sauka. Matakala sama da dubu, teku tana ƙyalli a ƙasanmu kamar an baza gilashi, gyare suna ta kuka a cikin zaitun. Kai kana ta ƙirga matakalan da ƙarfi. A ɗari huɗu da wani abu ka juyo ka tambaye ni me nake karantawa, lissafin ya ɓace maka, ka yi dariya. Wayyo wannan dariya! Da ana zuba ta a kwalba kamar man zaitun, da na ɓoye ta a ƙarƙashin gado ina ɗan ɗiga wa kwanakin da ba su da daɗi.

A dawowa ne abin ya faru. Ƙishirwa ta kama ka, muka biya ta gona, muka zauna a gindin ɓauren nan, muka jingina da katangar dutsen da ke riƙe da hawa na uku na gonar. Ka sa yatsa kan wani ɗan dutse mai ruwan toka a jikin katangar, da farin layi ya ratsa shi a karkace, ka ce, "Kai, dubi wannan! Kamar an zana masa hanyar da muka biyo." Iyakar abin da ka ce ke nan. Ba ka roƙa ba, ba ka ja ba. Ni ce na sa farce na girgiza shi, na zare shi, na ɗora maka a tafin hannu ba tare da na iya kallon fuskarka ba. A littattafaina yarinya takan ba da hankici, ko zobe, ko silin gashinta. Ni ba ni da komai a hannu sai ledar magani. Me zan ba ka? Ina so ka tafi da wani abu na wurin nan a aljihunka, mai nauyin da zai riƙa bugun cinyarka a kowane taku yana tuna maka da ni.

Ettore, farin cikin raina, kai ɗan Parma ne, ƙasarku shimfiɗe take kamar faranti, ba yadda za a yi ka sani. Amma ni na sani. Katangunmu ba siminti, ba laka, dutse ne kan dutse, su ne suka riƙe gona hawa bisa hawa don kada ta zame ta faɗa teku. Manyan duwatsun kuma ba sa zama da kansu, sai an cusa musu ƙanana a ƙarƙashi sun tokare su. Kaka yana kiran ƙananan haƙora. Ina 'yar shekara biyar ya kama ni ina wasa da ɗaya, ya riƙe yatsuna ya ce, "Ƙadangaruwa, ki ci inabina, ki karya reshena, ki zubar min da giya in kin ga dama, amma haƙorin katanga kada ki kuskura." Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan magana. Kalma goma sha ɗaya daga bakinka suka sa na manta da ita. A'a, ƙarya nake yi, ban manta ba. Ina zarewa na ji ƙasa ta ɗan zubo, siririya, kamar gishiri daga cokali. Na ji, na yi kamar ban ji ba, don kana murmushi.

Ranar da kuka tafi, bayan ka rubuta min adireshinka a bangon littafina ka ce za ka dawo tsinkar inabi a Satumba ta wannan 'yar ƙofar, na koma da gudu da duwatsu uku a aljihun siket. Ko ɗaya bai shiga daidai ba. Babban da ke sama ya riga ya sauko ya zauna. Sai da guduma, guduma kuwa ko daga cikin coci Kaka zai ji ƙararta. Na cusa wanda ya fi kusa, na shafa masa ƙasa, na ce wa kaina katangar da ta yi shekara ɗari ba za ta kula ba.

Ta kula. Ruwan ranar sha tara ga wata ya sauko kamar an ɓarke sama, yini guda cur. Washegari da safe katangar ta yi ciki, tana kumbura muna kallo, kafin a buga ƙararrawar sha biyu ta zube. Tsawon gaba biyar! Ta binne kurangar inabi tara a hawan ƙasa, waɗanda suka girmi babana, 'ya'yansu sun fara zaƙi, saura mako uku a tsinka. Kaka ya tsaya a kai da hularsa a hannu kamar a bakin kabari. Maƙwabcinmu Sandrin ya leƙo daga gonarsa ya ce, "Gildo, tsufa ne ya kama katangarka, kamar yadda ya kama mai ita!" Kaka ya ce, "Rufe min baki, mai kan tulu. Wannan katangar ta ga auren kakanka kuma da ta ga jana'izarka. Hannu ne ya taɓa ta." Ashe tun kafin ruwan ya ga wurin, ya ga baƙon dutsen da aka shafa wa ƙasa, ya ce bari ya gama feshi ya gyara, ruwan ya riga shi.

Ga inda numfashina ke tsayawa, muradin zuciyata. Kai yake zargi. "Dogon yaron Parman nan mai tsince-tsince," haka yake kiranka, don ya ga aljihunanka cike da kwanson teku da 'ya'yan itace. Ya ɗaure 'yar ƙofar da waya, ya ƙara da kwaɗo, ya ce ba baƙon da zai ƙara taka masa gona, ba kuma baƙon hannun da zai taɓa masa inabi bana. Ƙofar da mahaifinsa ya bari a buɗe tun kafin yaƙin duniya! Jiya wasu tsofaffi mata da miji suka tsaya a bakinta da gorunansu babu ruwa, suna kallon famfo yana ɗiga, suka juya. Ina bayan ɓaure ina kallonsu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni kuwa na yi shiru. Kullum da safe ina bin sa gona, muna tono duwatsu daga cikin laka, shi da shekara saba'in da takwas da bayansa da ba ya miƙewa. Da rana a kan tebur sai ya nuna ni da cokali ya ce wa Gwaggo, "'Ya'yana maza duk sun gudu Genova bin jiragen ruwa, wannan ƙadangaruwar kaɗai ce mai hannun katanga a gidan nan." Taliyar sai ta zame min tsakuwa a baki. In na faɗa, na rasa wannan kallon da yake min. In ban faɗa ba, kai za ka hawo matakala dubu da murnarka ka tarar da kwaɗo da tsoho mai sanda. Ina zan sa kaina?

Kai ma ba ka taimake ni ba, ka sani? Kati ɗaya tak daga Portovenere: "Mun iso. Ƙafafu sun mutu. Sai watan inabi. E." Na karanta shi har gefensa ya yi laushi. Me ya sa "E." kawai? Gajiya ce, ko babanka na tsaye a kanka, ko haka kake sa wa kowa? Sau ɗaya na kira lambar gidanku daga wayar shagon kofi, mamarka ta ɗauka da wata murya mai tsabta kamar sabon faranti, na ajiye kan wayar na fito da gudu. Dutsen fa, yana nan? Yana kan teburinka, ko ya tafi cikin injin wanki, ko ka wurga shi teku tun a Riomaggiore don jaka ta yi nauyi? Kada ka faɗa min. A'a, faɗa min. Wayyo ni, ban san wanne nake so ba!

Gwaggo na kira, an bar min wake in ɓare. Zan dawo.

Juma'a, 2 ga Satumba

Hasken idanuna, na faɗa.

Ban shirya ba. Da safen nan muna ware duwatsu kashi uku kamar yadda ake yi, manya na gindi, matsakaita na fuska, ƙanana na ciko. Kaka ya ɗaga wani ya ce ai ya sa Gwaggo ta nemo adireshinku a littafin baƙi, zai rubuta wa babanka ya gaya masa irin ɗan da ya haifa. Sai kawai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Kaka, ni ce." A littafi da an yi tsawa, da yarinyar ta suma an yayyafa mata ruwa. Ni ba abin da ya faru sai wani jirgin ƙasa da ya fito daga rami can ƙasa ya shige wani. Kaka ya ajiye guduma a hankali, ya goge hannu a wando.

Ya ce, "Shi ya roƙe ki?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya ce?" Na ce, "Cewa ya yi yana da kyau." Ya daɗe yana kallon kurangun da suka karye. Ya ce, "Yana da kyau." Sau biyu ya faɗa. Da ya zage ni, da ya ɗaga sanda, wallahi da ya fi min sauƙi. Muka hau gida, a hanya da zai ce in riƙe masa kwando, Ombretta ya kira ni, ba Ƙadangaruwa ba. Ban san sunana yana da sanyi haka ba sai yau.

Gwaggo kuwa da ta ji, ta dafa ƙugu ta ce, "Oh ni Tilde! 'Yan matan mutane fure suke bayarwa, tamu gona ta bayar! Gobe in wani ya yaba hasumiyar coci sai mu nemi inda za mu yi ibada." Ta yi ta faɗa tana yanka burodi, amma da ta zo wucewa ta bayana ta matse min kafaɗa, ta tura min babban yanki.

Bayan an huta, Kaka ya ce in biyo shi. Muka koma wurin. Ya sa sandarsa ya ja layi a tsakiyar tarin duwatsun, daga sama har ƙasa. Ya ce, "Wannan naki. Wancan na mai aljihu." Na ce, "Kaka, shi fa bai sani ba, ba ruwansa!" Ya ce, "Shi ya sa zai zo ya sani. Ranar Litinin sha biyu ga wata zan sa gindi. Kwana biyar kuna dakon dutse a kafaɗa, daga hawan ƙasa zuwa nan. Ƙofa ba za ta buɗe ba sai katanga ta tsaya, ya zagayo ta ƙauye kamar kowa. Dutsen da kika ba shi kuma ya riƙe abinsa, wadda zan gina ba ta san shi ba." Na tambaye shi, in ba ka zo ba fa? Sai a lokacin ya dube ni sosai. Ya ce, "To kin rushe min katanga saboda mai wucewa ke nan. Ke za ki zauna da wannan, ba sai na ƙara miki da komai ba."

Ka ji, abin begena. Ka ji yadda kyautata ta zame maka kaya. Ina jin kunyar rubuta wannan har kunnuwana suna zafi. Wace irin masoyiya ce ke gayyatar masoyinta dakon duwatsu? Na so in kira ka zuwa ga inabi mai zaƙi da waƙar masu tsinka, in nuna maka inda ake tsayawa a hango tsibirai in sama ta washe, mu ci burodin man zaitun da ɗanyen ɓaure a kan dakali. Ga abin da nake da shi a maimakon haka, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Hannuwanka masu laushin nan za su tsage tun ranar farko. Kafaɗarka za ta yi ɓawo. Teku za ta yi ta kiranka daga ƙasa ba za ka samu zuwa ba. Kaka zai kira ka mai aljihu daga safe har yamma, Sandrin zai jingina da shingensa yana ba ka shawarar da ba ka tambaya ba. Ni kuma, na san kaina, wataƙila in yi kwana biyu ban iya ce maka ko sannu ba, sai dai in riƙa miƙo maka gorar ruwa ina kallon takalminka.

Ba dole a kanka. Ba ka yi laifin komai ba, kuma na wanke sunanka, ko ba ka zo ba babu wasiƙar da za ta je wa babanka. Kana iya ninke wannan takarda ka ce wata mahaukaciyar 'yar tsauni ce, ka koma makaranta abinka cikin 'yan matan birni masu iya magana. Ina rubutawa ina jin kamar ana zare min wani abu a ƙarƙashin haƙarƙari. Amma kuma, Ettore, ruwan sanyin ƙishirwata, tsattsewar da ta yi sheƙa a ƙirjina, in har abin da na gani a idonka a gindin ɓaure ba rana ce ta yaudare ni ba, ka zo. Ka zo da tsohon wando da takalmi mai ƙarfi. Ka roƙi babanka, ka ce masa ɗakin Gwaggo yana nan. Kada ka tsaya neman kalmomin amsa, wasiƙa daga Parma takan yi mako a hanya, kuma ni ba kalmomi nake jira ba yanzu.

Jirgin ƙasan da ke tsayawa Manarola ƙarfe goma da kwata, daga hawa na uku ana ganin masu saukowa kamar tururuwa. Ranar Litinin zan fara da rabina. Naka ba zan taɓa ko tsakuwa ɗaya ba, ko Kaka ya harare ni. Zan kalli na goma da kwata, zan kalli na rana, zan kalli na la'asar. Katangar ba za ta iya jiran ruwan Oktoba ba, don haka in Talata ta waye layin nan yana nan yadda aka ja shi, zan tsallaka shi da ƙafata in sunkuya in ɗauki na farko daga tarinka. Na ɗauki duwatsu da yawa a kwanakin nan, na san nauyinsu. Wancan ɗin ne kawai nake roƙon Allah kada Ya nuna min nauyinsa.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, zuciyar nan ba ta da wani mai ita. Amma ka zo.

Taka, yau da gobe da duk ranar da teku ke bugun gindin tsaunin nan,

Ombretta